Tagar Mama a Bangon Gabas

Ba uwarsa ce ta raɗa masa Guduma ba, amma har ita daga baya da shi take kiransa, don in ta kira sunan gaskiya ba ya waiwayowa. Sunan ya samo asali ne tun yana makarantar firamare, ranar da ya naushi wani ƙaton yaro a baki, haƙora suka zube a filin ƙwallo. Malami ya zane shi, ya koma gida uban ya ƙara masa, washegari ya nemo yaron ya ƙarasa cire masa wanda ke girgiɗi. To, wannan shi ne Guduma. In ka ce masa sannu, sai ya tambaye ka me ka gani a jikinsa.

Kada a ce daga sama ya tsinci halin, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ubansu direban babbar mota ne, in ya dawo daga tafiya gidan kan yi tsit kamar an yi mutuwa, don ba a san da wa zai fara ba. Yawanci da Mama yake farawa. Guduma ya tashi yana jin ƙarar kanta a jikin bango, yana tura ƙaninsa Auta ƙarƙashin gado, yana toshe masa kunne da tafin hannu. Da ƙashinsa ya yi ƙwari, wata rana da rana tsaka ya ɗauko ƙarfen jak ɗin motar, ya karya wa uban hannu a tsakar gida, maƙwabta na leƙe ta katanga. Uban ya fita yana tsine-tsine, bai sake dawowa ba. Mama ba ta yi wa ɗanta godiya ba, ba ta kuma yi masa faɗa ba. Ta share tsakar gidan, ta ɗauki carbinta ta tafi coci.

Allah ya haɗa shi da sana'ar da ta dace da shi, wato rusau. In za a faɗaɗa titi, ko an ga tsohon gini ya tsage, shi ake nema. Kuma a faɗi gaskiya, gwani ne. Yakan ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya kara kunne, ya gaya maka inda rodi ya bi da inda babu. Leburorin da ke riƙe masa cizal, ƙarfen da ake kafawa a bango a doka, sun san ƙa'idarsa: ba ya cewa a matsa, ba ya ƙirga ɗaya biyu, in ya ɗaga hannu kai ne za ka san inda za ka kai naka. Kowa kuwa yana janyewa. Duk tsawon rayuwarsa mutane kauce masa suke yi, a wurin aiki, a tashar mota, a layin asibiti. Ya yi aure sau ɗaya. Yakan bugi ƙirji ya ce bai taɓa ɗora wa matar hannu ba, sai ka ce lambar yabo za a ba shi. Bai taɓa ta ba kam, amma ya fasa faranti, ya fasa madubi, ya fasa talabijin, ya ɓalle ƙofar ɗaki har da madogararta. Ranar da ya jefa tukunya ta wuce ta saman kan 'yarsu, matar ta goya yarinyar ta tafi. Ya tattara komatsansa ya koma gidan Mama.

Auta kuwa albasa ce ba ta yi halin ruwa ba. Bai taɓa marin ko kyanwa ba. Kafinta ne, amma ba na kujera da gado ba, shi ne mai haɗa katakon da ake zuba kankare a ciki. Siriri, marar magana, yatsunsa dogaye, kullum fensir a bayan kunne. Mutane kan yi musu tsiya su ce Mama ta iya haihuwa, ɗaya ya gina ɗaya ya rushe, aiki ba zai yanke a gidan ba. Auta ya yi murmushi. Guduma ya ce wa mai maganar ya maimaita.

Idon Mama ya fara tafiya a hankali. Likita ya duba, ya tambaye ta ko an taɓa bugunta a ka. Ta ce ƙofa ce. Ya ce jijiyar ta mutu, babu aikin da za a yi. Fuskoki suka ɓace, launi ya ɓace, fitilar lantarki ma ta daina ganinta. Abu ɗaya ya rage mata a duniya: in rana ta bugi fuskarta kai tsaye, takan ga wani ja-ja mai ɗumi a cikin duhun. Tsohon cocinsu na Katolika yana da wata taga ta gabas wadda gilashinta ya fashe tun tuni ba a gyara ba. Ƙarƙashinta bencin Mama yake. Da safe, ana tsakiyar ibadar Misa, daidai lokacin da Fada, limamin cocin, ke ɗaga gurasa a bagadi, rana kan shigo ta wannan hujin ta sauka a goshinta. Takan ce, "Ubangiji ya gan ni, ni ma na gan shi." Da wannan take rayuwa daga Lahadi zuwa Lahadi.

Jama'a suka yi yawa, rufin tsohon cocin ya fara yoyo, aka yanke shawarar a gina sabo. Wa za a ba rusau in ba Guduma ba? Ya yi aikin da zumuɗi, har yana waƙa. Tagar gabas ma bai lura da ita ba, duka ɗaya ya yi mata, ta bi sauran ɓaraguzai cikin baro.

Wadda ta zana sabon ginin wata mace ce mai sanyin murya, kowa Injiniya yake ce mata. Irin ginin zamani ta kawo, wanda unguwar ba ta taɓa gani ba. Bango kankare tsirara, ba filasta, ba fenti, ba taga ko ɗaya a tsayin mutum. Rufin bai haɗu da bango ba, an bar wata 'yar tsaga mai gilashi a tsakaninsu. Ta nan haske ke shigowa, ya gangaro jikin kankaren a hankali, ya watsu cikin ɗakin. Ta yi wa jama'a bayani cewa ba ta son rana ta ƙona wani a bencin gaba alhali na baya yana cikin duhu. So take rana ta bugi bango, bango ya raba wa kowa daidai.

Nan aikin Auta ya shigo. Hasken da ke shafar bango a kaikaice ba ya rufa wa kowa asiri. Kan ƙusa, gaɓar katako, inda mai zuba kankare ya tsaya ya huta, duk sai ya nuna su. Irin wannan bango ba a yi masa faci, in aka yi, tabon zai zauna har ginin ya tsufa. Injiniya ta ce wa Auta bangon gabas shi ne adon cocin gaba ɗaya, ba za a rataya masa ko hoto ba. Auta ya zaɓi katako ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya shafa mai, ya jera su yadda zanen itacen zai fito a jikin siminti. Ranar zubi ya hana kowa cin abinci sai da aka gama. Da aka ɓalle katakon, rana ta sauko kan bangon, mutumin nan da ba ya magana ya zauna a kan bulo ya yi kuka. Ya ce ko yau ya mutu ya bar abu.

Aka buɗe coci. Kai jama'a, ya yi kyau! Ba fitila ko ɗaya a kunne amma kana iya karanta ƙananan rubutu a bencin ƙarshe, ga sanyi kamar bakin rijiya. Mutane na shiga suna rage murya da kansu. Guduma ya riƙo hannun Mama ya zaunar da ita a jikin bangon gabas, daidai inda tsohon bencinta yake. Ta ɗaga fuska tana juya ta hagu da dama. Aka yi karatu, aka yi wa'azi, aka kaɗa ƙararrawa. Tana nan tana juya fuska.

"Guduma," ta ce da raɗa, "hadari ne ya taso?"

"Babu hadari, Mama. Ko'ina haske ne."

"To ina nawa?"

Aka tashi, ya riƙo hannunta suka fita. A hanyar gida ta ce masa kabari suka gina mai benci.

An yi ƙoƙari, kada a ci zalin kowa. Fada ya sa aka mayar da ita bakin ƙofa, amma ƙofar yamma take kallo, ga rumfa a kanta. Katikis, mataimakin Fada, ya kawo wata babbar fitila ya haska mata fuska, ta ce ita ba ta ga komai ba sai ƙwari da ke faɗo mata a wuya. Auta ya ce a riƙa zaunar da ita a tsakar gida ta sha rana son ranta.

"Ranar tsakar gida ta shanya ce," in ji Mama. "Ni wadda ke zuwa lokacin Misa nake so."

Ta daina zuwa coci. Daga nan ta rage cin abinci, ta daina tashi daga gado, carbin ma sai dai ta riƙe ba ta ja. Wata safiya Guduma ya kawo mata shayi, ta kawar da kai, ta ce ba tare da fushi ba, "Kai ka rushe mini tagata, ko? An ce har waƙa kake yi." Ya fita da kofin, ya maka shi da katanga. Maganar ta zauna masa a ƙirji, ko numfashi ya ja sai ya ji ta.

Ya je ofishin Injiniya bai ƙwanƙwasa ba. Ta saurare shi har ya gama ihunsa, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ba ta san da Mama ba, da ta sani da ta bar mata 'yar kafa tun a zane. Yanzu kuwa bangon na ɗauke da rufi, sai ta sake lissafi, sai kwamitin gini ya zauna, sai bishop ya sa hannu.

"Yaushe?"

"Ka ba ni watanni kaɗan, Malam."

"Ita wa zai ba ta?" Ya kifar da teburin da ƙaramin samfurin cocin ke kai, ya fice.

Da yamma ya tare Auta a tsakar gida. "Taga nake so a bangon nan. Kamar faɗin faranti."

"Yaya, ba a taɓa bangon nan."

"Uwarka ce ke mutuwa a ɗaki."

"Uwata ce, na sani. Ka bari Injiniya ta yi lissafi, a kawo injin yanka, a yi shi da tsabta. In ka sa masa guduma zai tsage har sama. Ba ya gyaruwa, Yaya, ba ya gyaruwa!"

"Siminti ya fi maka wadda ta haife ka."

"Ni ban rushe tagarta ba."

Bai rufe baki ba mari ya sauka. Auta ya sunkuya kamar yadda ya saba tun suna yara, marin ya goge shi a kunne, fensir ya yi tsalle ya faɗa kwata. Daga ɗaki Mama ta ce, "Me ya faɗi?" Su biyun suka haɗa baki suka ce ba komai.

Ranar Asabar da safe, mata na sharar coci, Guduma ya shigo da babbar gudumarsa a kafaɗa. Maigadi ya tare shi a ƙofa, ya ture shi da gwiwar hannu, tsoho ya zube kan bokitin ruwa. Ya tafi bencin Mama ya zauna, ya runtse ido, ya ɗaga fuska yadda take yi, ya auna inda rana take a bayan bango. Sa'an nan ya hau bencin, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kara kunne, ya sami tsakanin rodi da rodi. Ya tofa yawu a tafin hannu.

Dukan farko ya karaɗe ɗakin kamar harbin bindiga. Mata suka zubar da tsintsiya suka yi waje suna salati irin nasu, suna kiran Yesu da Maryamu. Kankaren Auta ba na wasa ba ne, gudumar ta dawo masa har kafaɗa. Ya ƙara, ya ƙara. Ɓaraguzai na tsalle suna yankar masa fuska, ƙura ta tashi ta cika hasken da ke gangarowa daga sama. Katikis ya rugo ya riƙe masa ƙafa, ya shure shi a ƙirji, bawan Allah ya faɗa tsakanin benci, kansa ya bugu, jini ya ɓalle masa a gira. Wasu samari biyu suka matso, ya juya gudumar sau ɗaya a iska, suka ja da baya. Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Rami ya fara zurfi, wata tsaga ta kama hanya tana hawa sama ta cikin zanen itacen.

Wata daga cikin matan ce ta kira Auta. Ya shigo a guje, ko takalmi babu. Bai yi ihu ba. Ya tsaya ya kalli tsagar, sa'an nan ya hau bencin, ya miƙa hannun dama ya shimfiɗa tafinsa a kan ramin.

"Ya isa, Yaya."

"Cire hannunka."

"Ba zan cire ba."

"Auta, ka san ni."

"Na san ka."

Kada wani ya ce tsautsayi ne, ko bai gani ba. Ya ga hannun sarai, har da tabon siminti a farce. Abin da ya sani shi ne kowa yana janyewa. Lebura yana janyewa, ɗan sanda yana janyewa, shi kansa Auta tun yana rarrafe yake sunkuyawa. Ya ɗaga gudumar da dukkan ƙarfinsa ya sake ta, yana jiran yatsun nan su ɓace a daidai lokacin da ya kamata.

Ba su ɓace ba.

Ƙarar ba irin ta kankare ba ce, wata 'yar lallausar ƙara ce mai ban ƙyama. Auta bai yi kuka nan take ba. Ya kalli abin da ya rage a ƙarshen hannunsa, ya kalli wansa, ya sulale daga kan bencin. Sai da ya kai ƙasa ihun ya fito, irin wanda Guduma bai ji ba tun zamanin ƙarƙashin gado. Jini ya wanke bango, ya bi layin katakon yana gangarowa. Samarin nan suka naɗe hannun da mayafin wata mata, suka cicciɓe shi suka yi waje suna neman mota.

Ka ce ya jefar da gudumar ya bi su? Ina! Wannan shi ne abin da unguwar ba ta yafe masa ba. Ya tsaya yana huci, hawaye na haɗuwa da ƙura a fuskarsa. Ya dubi ramin ya ga saura ƙiris. In ya tsaya yanzu, hannun ya tafi a banza. Ya juya ya ci gaba da duka, yana duka yana gurnani kamar dabbar da aka soka, yana bugun jinin ƙaninsa cikin siminti. Fada ya iso ya tsaya a bakin bagadi yana kiran sunansa na baftisma, bai ji ba. Can wani gutsure ya faɗa waje, sai ga rana ta kutso ta hujin, siririya, mai zafi, ta ratsa ƙurar ta sauka kan bencin.

Ya yar da gudumar. Ya san rana ba ta jira, in ta ƙara ɗagawa hasken zai bar wurin. Ya ratsa taron da ya cika ƙofa, aka dare masa. Ya yi gida a guje, ya tarar da Mama kwance fuskarta a bango. Bai yi mata bayani ba, ya goya ta kamar jaririya, ba ta fi nauyin buhun katako ba. Ya dawo da ita ta tsakiyar titi, mutane na nuna shi, wasu na zagi, wani ya jefe shi da dutse ya same shi a ƙafa. Tana tambaya lafiya, me ake hayaniya, yana cewa kasuwa ce.

Suka shiga cocin. Fada ya ɗaga hannu ya hana a taɓa shi. Guduma ya share ɓaraguzai da hannu, ya zaunar da ita. Ta dafa bencin, hannunta ya sauka kan jinin Auta, ta murza yatsunta.

"Matan nan in sun wanke benci ba sa gogewa," ta ce.

Ya kama haɓarta a hankali, ya ɗaga fuskarta, ya juya ta kaɗan. Hasken ya sauka a goshinta, ya gangaro kan idanun. Ta ɗauke numfashi. Bakinta ya buɗe, fuskar nan da ta yamutse ta saki, ta ɗaga hannu biyu kamar mai tarar ruwan sama.

"Ga shi," ta ce. "Ga shi nan. Ashe bai manta da ni ba."

Ta daɗe a haka, hawaye na bin kumatunta. A waje an ji tsayawar mota da rufe ƙofofi, 'yan sanda ne, Fada ya taka ya tare su a bakin ƙofa yana roƙon su ɗan dakata. Guduma na durƙushe a gabanta, bai waiwaya ba.

"Na san Autana ba zai bar ni cikin duhu ba," in ji Mama. "Shi ba ya magana, sai dai ka ga aiki. Kai kuwa ana can ana gyara, kana nan kana neman wanda za ka daka. Allah ya shirye ka." Ta lalubo kansa ta shafa, ta ji ƙura, ta kakkaɓe masa. "Allah ya yi wa hannun yaron nan albarka. Ka ce amin mana."

"Amin, Mama."

"Yana ina? Je ka kira mini shi. Ina so in riƙe hannun da ya yi mini wannan."

"To, Mama," ya ce.

Bai tashi ba. Ta sake ce masa ya yi sauri kafin ranar ta wuce.